Farin Shafi

Yana cikin tantance 'yan rakiya Manaja ta tsaya a bayan kujerarsa, ta ce kafin azahar za a kashe tsohon injin bincike, a kunna sabo.

'Yan rakiya shi ne sunan da suke kiran waɗannan ƙa'idoji a ofis. Shagonsu na intanet ne, kayan yara suke sayarwa. Idan mai saye ya rubuta wata kalma, kamar "reshe" ko "kuɗin kawowa", injin ba ya jero masa kaya, sai ya raka shi kai tsaye zuwa shafin da ya dace. Sabon injin bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, dole a kwashe su da hannu.

"Waɗanda ake yawan nema kawai za ka ɗauka, Difiloma," in ji ta. "Sauran ka bar su. An ce sabon yana da wayo."

"To, ranki ya daɗe."

Dogo, wanda teburinsa ke jingine da nasa, ya miƙe ƙafafu. "Haka aka ce mana game da na'urar sanyaya ɗakin nan. Ga ta can tana ɗiga a bokiti."

Difiloma ya yi murmushi saboda ya ga lokacin murmushi ne. Tun da ya dawo daga hutun da aka ba shi, haka yake yin komai. Kafin hutun, Dogo ba ya kiransa da komai sai angon ƙarni, wai yana yi masa gwaji tun kafin matarsa ta haihu. Yanzu ya koma kiransa Difiloma kamar kowa.

Difiloma ya ci gaba da aiki. A ɗauka, a bari, a ɗauka. Can ƙasa ya tarar da wata ƙa'ida da bai taɓa gani ba. Kalmominta su ne "jariri ya rasu" da "ɓari". Ya buɗe shafin da take kaiwa. Fari ne fat, babu hoto, babu farashi. An rubuta: "Allah ya ba ku haƙuri. Ku bar lambar waya, za mu zo mu ɗauki kayan. Ba sai kun faɗi dalili ba."

Ya karanta har ƙarshe. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Ya duba yawan masu nemanta, ya ga ba su kai abin da Manaja ta gindaya ba. Ya danna "a bari", ya wuce ta gaba.

A gida akwai gadon jariri a gefen gadonsu, katifarsa tana cikin leda har yanzu. A shagon nan ya saya. Kowace safiya matarsa takan dubi gadon ta dube shi, shi kuma ya ce yau zai yi magana a zo a ɗauke. A ofis, sashen karɓar kayan da aka mayar yana ƙarshen baranda. Kullum sai ya wuce ta ƙofarsu, bai taɓa ƙwanƙwasawa ba.

Aka kunna sabon injin. Manaja ta rubuta "takalmi", takalma suka fito, aka tafa. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara.

"Kana ji?" in ji matarsa. A da Abban yaro take ce masa. Yanzu ba ta kiransa da komai.

"Ina ji."

"Na ce bari in rage maka aiki. Na shiga shagonku in nemi yadda ake mayar da gadon."

"Me kika gani?"

"Jarirai. Suna ta dariya. Har da irin gadon namu, sun ce saura kaɗan, in yi sauri." Muryarta a miƙe take, kamar mai karanta takardar asibiti. "Ba komai. Na ce dai in gaya maka."

"Kada ki kashe wayar."

Ya kifa wayar a kan tebur ya tashi. Bayan an kunna injin, babu mai ƙara ƙa'ida sai da izinin Manaja, shi kuwa ba a ma tabbatar da shi a aikin ba. Ya tsaya a ƙofarta yana gyara maɓallin rigarsa.

"Ranki ya daɗe, akwai ɗaya da na bari. Ina so in mayar da ita."

"Mutum nawa ke nemanta?"

"Ba su da yawa."

"To, me ya sa?"

Ya faɗi kalmomin ƙa'idar. Ta ɗago kai daga kwamfuta ta dube shi. Ita ce ta sa hannu a takardar hutunsa.

"Je ka saka," ta ce. "Ba sai ka dawo ka nuna mini ba."

Ya koma ya zauna. Dogo ya ga fuskarsa, ya ɗauki kofinsa ya fita neman ruwan da bai buƙata. Difiloma ya buɗe sabuwar ƙa'ida, ya saka tsofaffin kalmomin, ya haɗa su da farin shafin. Sannan ya tsaya. Injin ba ya raka kowa sai wanda ya rubuta abin da aka koya masa. Ya ɗauki wayar.

"Me kika rubuta? Daidai yadda kika rubuta shi nake so."



"Na rubuta, mun dawo gida babu shi."

Ya dubi tsofaffin kalmomin. Ko da bai bar ƙa'idar ba, da ba ta kama ta ba. Ya sa yatsu a kan madannai ya rubuta maganarta, kalma bayan kalma, ya sake karantawa don kada a sami kuskure, ya adana.

"Sake gwadawa."

Yana jin numfashinta, da ƙarar fanka a ɗakinsu.

"Fari ne," ta ce. "Babu kowa. Suna neman lambar waya."

"Sa tawa," ya ce.