Wa Zai Duba Wutar?

…kuma mai akwai, ya girgiza tankin ya ji. Ba mai ba ne, zafi ne. Halin tsohon babur ɗin nan ke nan: da safe bugu ɗaya ya tashi kamar na Allah, yana ɗaukar zafi sai tari, sai shiru. Yau kuma nan ya zaɓa — bayan katangar wata ma'aikata, ba inuwa, ba mai wucewa — 'yarsa Auta kuwa tana tasha, motarsu na lodi.

Shi ya ce mata ta yi gaba da akwati a tasi, ga shi nan tafe. Ga shi nan tafe! Aiki ta samu a can uwa duniya, ita ce ta ƙarshe a gidan, wa ya san ranar dawowa? Ko albarka bai sa mata ba, wai ya bari sai a bakin mota.

Filogi? Sabo ne. Kafireta? An wanke. Bakanike dai abin dariya ya mayar da shi: kafin a tura masa babur ya huce, ya buga ya tashi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ciwon da ke ɓuya in ya ga likita… Kwayil ne, ransa ya ba shi kwayil ne, in ya yi zafi sai ya ɗauke wuta. To, a gani mana ko filogin na ba da wuta.

Ya kwance filogin, yana ƙona masa yatsu, ya jingina shi jikin injin. Ya taka kik — filogin ya zame. Ya sake. In ya miƙe ya buga, idonsa ba ya kaiwa. In ya tsuguna ya duba, wa zai buga? Ashe aikin mutum biyu ne. Bai taɓa lura ba.

"Akwai wuta, Baba, amma ja ce, ba shuɗiya ba." Auta ke nan tun tana ƙarama, tana tsugune, ta kare rana da tafin hannu, hanci duk baƙin mai… uwarta, Allah ya jiƙanta, tana faɗa daga kicin, wai za a mayar mata da 'ya bakanike. Kewa tun yanzu, yarinyar ma ba ta bar garin ba tukuna.

Waya na rawa a aljihu.

"Baba, kana ina? Direba ya ƙi jira, har mun fita gari…"

"Ina hanya, Auta. Allah ya yi miki—"

Iska, ƙarar mota, layin ya yanke. Ta ji? Ba ta ji ba?

Ya ɗora hannu kan injin. Ya huce. Yanzu in ya mayar da filogin, bugu ɗaya zai tashi, ya kai shi gida lafiya lau… gida, ya buɗe ƙofa da kansa, ya yi sallama — wa zai amsa?

Bari dai ya ɗan zauna tukuna.