Garin da Juliana ta Gina

Sai da Moses ya danna maɓallin har yatsansa ya yi zafi kafin kwamfutar ta yarda ta tashi. Ta fara da wani gurnani, sannan aka ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikinta, can da ƙyar rubutu ya bayyana a gilashi. Barau mai gyaran rediyo ya kara kunnensa jikin akwatin, ya yi shiru yana saurare, ya ɗago yana girgiza kai.

"Oga Musa, rumbun ajiyar nan nata ya ci zamaninsa. Idan ta mutu yau, ban ɗaukar maka alkawarin za ta sake tashi ba."

"Shi ya sa na ɗauko ta tun daga Gumel, Barau. Ka kwashe min abin da ke ciki kafin ta cika."

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse, a tsakiyar daminar 1997. Rumfar Barau tana can bayan 'yan batir, ƙaramar rumfa ce ta langalanga wadda gawarwakin rediyo da bidiyo suka cinye rabinta. A bakin ƙofa wani ɗan janareta yana ta tari. Shi Barau ya taɓa zama na 'yan watanni wajen wani mai gyaran kwamfuta a Kano, kuma tun daga nan babu mai ja da shi a kan wannan fanni daga Gagarawa har bakin iyaka, don kuwa babu wani da ya taɓa buɗe cikinta ya gani.

Moses Goyol mutumin Pankshin ne, amma ya fi shekara ashirin a Gumel, har sunansa ya koma Musa a bakin maƙwabta. Hausa kuwa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya, kuma yana ji da wannan ƙwarai. Akawun sito ne a wani shirin noma da Turawa suka zo suka yi suka tafi. Da aka yi gwanjon kayan ofis, masu wayo suka kwashi firji da kujeru, shi kuwa ya rungumo tsohuwar kwamfuta, aka yi ta masa dariya. A cikinta ya tarar da wani wasa da Turawan suka bari. A ba ka fili fetal, kai kuma ka shimfiɗa tituna, ka gina gidaje da makaranta da asibiti, sai ka ga mutane ƙanana kamar tururuwa sun zo sun cika garin.

Ba don kansa ya sha wannan ɗawainiya ba. Matarsa Juliana, malamar firamare, hawan jini ya kayar da ita shekarun baya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta koma sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Ta daɗe tana zaune tana kallon bango, abinci ma sai an yi da gaske take karɓa. Wata rana tana kallon Moses yana taɓa wasan nan, sai ta miƙo hannunta na hagu. Tun daga ranar ta samu abin tashi dominsa. Kuma ba kowane gari ta gina ba, garinsu ta gina: duwatsun nan na bayan gari, rafin da suke wanki suna yara, cocinsu, kasuwa, har da wani ɗan gida a gefen dutse da take nuna masa da haɓa ta ce, "Mama." Likita ya riga ya ce jikinta ba zai ɗauki doguwar tafiya ba. Moses ya sani, ita ma ta sani, garin nan na cikin akwati shi ne kaɗai Pankshin ɗin da za ta ƙara gani.

Matsalar ita ce garin da wasan duka a wuri ɗaya suke, cikin rumbun nan mai ƙas-ƙas. Ramin da ake zura disket ya daɗe da mutuwa, balle a kwafi wani abu a ajiye. Wasan kuma ya tsufa, Moses ya sa an duba masa shaguna a Kano, yaran shago suka ce ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Kayan gyaran ta hannun Ɗantala suka zo, wani ɗan kasuwar Damagaram mai shigo da kwancen kayan lantarki daga ƙetare. Ya kawo wani rumbun da ya fi tsohon girma, da sabon ramin disket, da disket guda wanda ake tayar da na'ura da shi. Ya tsaya har Barau ya gama ɗaɗɗaura su, sannan ya gyara rawaninsa.

"Musa, bari in leƙa kara wajen 'yan shanu in ga wani mutum kafin ruwa ya sauko. Yanzu zan dawo."

Da ya faɗi haka ne Moses ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Nijar, yana tahowa a hankali ba tare da ko tsawa ba. Iska ta tsaya cak. Masu tabarmi da masu atamfa sun fara naɗe kaya, kuma hayaniyar kasuwar ta sauya, ta koma irin ta mutanen da kowa ke neman hanyar gida.

"Abin mai sauƙi ne," in ji Barau yana zura disket. "Wannan da Ɗantala ya kawo kwance ne, akwai tarkacen masu shi a ciki. Mu wanke shi tas, sannan mu juye garin Madam a ciki. Kafin la'asar kana gida."

Ya shiga danna haruffa da yatsa ɗaya, yana motsa leɓe, irin na wanda ya haddace abu bai san ma'anarsa ba. Ya buga babban maɓalli. Wasu layuka suka fito cikin wani harshe mai ɗige-ɗige a saman haruffa, a ƙarshensu kuma ga O/N, ga ɗan ƙyaftawa yana jira.

Moses ya matso ya gyara tabarau. Bai iya karanta komai a layukan ba, amma ya ga harafi ɗaya da ya sani.

"Barau, tsaya. Me ka rubuta a nan? C na gani."

"E mana, haka ake rubutawa."

"C ai shi ne tsohon. Shi ne na Madam. Sabon ba D ka ce min ba ɗazu?"

Barau ya ƙura wa gilashin ido. Murmushinsa ya tafi. A Kano kullum rumbu ɗaya ake kawo musu, kullum C ake rubutawa, hannunsa ya bi abin da ya saba.

"Subhanallahi. Allah ya sa ka gani. Amma ba komai, ai ba ta fara ba, tambaya take yi. So take a ce mata e ko a'a."

"To kashe ta kawai."

"In kashe? Oga, kai ka ga yadda muka sha kafin ta tashi. In ta kwanta yanzu, wa zai tashe ta? A dai ce mata a'a, shi ke nan."

Moses ya miƙa yatsa wajen N. Barau ya cafke hannunsa.

"Me za ka yi?"

"N mana. Shi ne a'a da Turanci."

"Da Turanci ne ai da ka ga Y a gefensa. A Kano kullum Y da N nake gani. Ka ga Y a nan? Wannan disket ɗin na mutanen Damagaram ne, su kuwa ka san ba su wasa da Hausa, har a takardun gwamnati sa ta suke yi. N ɗin nan Na'am ne. O kuma O'o."

Moses ya janye hannunsa a hankali. Maganar ta shige shi. Na'am, amsawar mai yarda. O'o, abin da yaro ke faɗa in ya ƙi aike. Ya juya ta ta kowane gefe ya ga ta zauna daram, har wani ɓangare na zuciyarsa ya ji kunyar cewa shi da ake yaba wa Hausa bai fara ganowa ba. Duk da haka tsoro bai sake shi ba.

"Mu jira Ɗantala," ya ce.

Suka jira. Iskar da ta tsaya ta dawo da ƙarfinta, langalangar rumfar ta fara ɗagawa tana bugawa. Janareta ya yi wata shaƙuwa, hasken gilashin ya dushe ya dawo. Barau ya fita ya girgiza tankin, ya dawo fuska a murtuke.

"Man ya kusa ƙarewa, ga shi ko na ɗurawa a kwalba babu a garin nan. Kuma ruwa na sauka dole in shigo da injin. Oga, in za a amsa mata a amsa mata. Ni dai na faɗi abin da na sani, amma kayanka ne, kai za ka danna."

Moses ya leƙa hanyar kara. Babu Ɗantala, sai shanu da ake korawa da gudu da mutane masu buhu a ka. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano, mai nauyi. Ya tuna yadda Juliana ta bi akwatin da ido da safe lokacin da yake naɗe shi cikin zaninta, har ya fita. Ya ce a ransa, Yesu ka taimake ni. Ya sa yatsa ya danna O, ya buga babban maɓallin.

Lamba ta fito a ƙasan rubutun, ta fara hawa. Tsohon rumbun ya kama ƙas-ƙas ɗinsa ba tsayawa, da wani sauri da Moses bai taɓa ji ba.

"Me take yi?"

"Fita take yi," in ji Barau, amma bai dube shi ba. "Haka suke yi in za su fita."

"Barau, abin da aka ce wa a'a yana aiki haka?"

Barau ya matso kusa da gilashin. Ruwa ya kece. Suna tsaye su biyu suna kallon lambar tana ƙaruwa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara faɗin abin da duk suka riga suka gane. A haka Ɗantala ya faɗo rumfar a jiƙe sharkaf, yana dariya yana matse rawani. Ya dubi gilashin, dariyar ta tsaya.

"Wa ya ce mata wi?"

"Wi kuma?" in ji Moses. "O'o muka ce."

"Wane o'o, Musa? Wannan Faransanci ne. O shi ne wi, wato e. Kun ce mata ta wanke."

Barau ya yi tsalle ya fizge waya daga soket. Gilashin ya yi baƙi. Bayan haka sun danna maɓallin nan har ruwa ya ɗauke, da ɗan man da Ɗantala ya roƙo wajen wani mai babur, amma tsohon rumbun ko gurnanin bai ƙara yi ba. Barau ya yi ta rantsuwa yana ba da haƙuri, har da ƙwalla. Moses bai zage shi ba. Da wane baki, alhali yatsansa ne ya danna? Ɗantala, don ya rage zafi, ya tsaya da kansa aka shirya sabon rumbun, ya ce yanzu na'urar ta fi da gudu nesa ba kusa ba, kuma za ta ɗauki wasa ɗari in an samu. Gaskiya ya faɗa. Tana tashi da dannawa ɗaya, shiru, babu ƙas ko ɗaya, babu kuma komai a cikinta.

A fijo ɗin da ta ɗauko shi zuwa Gumel ya rungume akwatin a cinya, yana kallon gero da ya sha ruwa a gefen titi, yana shirya abin da zai faɗa. Ya shirya gaskiya ta rushe, ya shirya ƙarya ita ma ta rushe. Daga ƙarshe ya kama addu'a guda, wadda bai taɓa zaton zai yi ba a ƙasar nan: Allah ya sa ya tarar an ɗauke wuta. Bayan ruwa irin wannan ai sai a kwana biyu ba a kawo ta ba, ya samu lokacin da zai nemo bakin zaren.

Ana kiran magariba ya shigo unguwa. Kwan fitilar ƙofar gidansa yana ci, fes, da cikakken haske.

Rahamatu maƙwabciyarsu, wadda ke zama da Juliana in ba ya nan, ta tare shi a tsakar gida ta karɓi gilashin.

"Sannu da hanya, Baban Joyce. Yau dai mun ga abu. Tun azahar ta sa na yi mata wanka, ta zaɓi zanin zuwa coci, ta ce in kai ta gaban tebur. Tuwo ma ta cinye tas."

Juliana tana zaune a kujerarta, an goge teburin, an ɗaura mata ɗankwali. Da ta gan shi da akwatin, ɓarin fuskarta mai motsi ya ɗaga. Ta yi ta kokawa da harshenta, shi kuma ya tsaya yana jira kamar yadda ya saba.

"An... gyara?"

"An gyara, Maman Joyce," ya ce.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗora hannunta na hagu a kan tebur, a shirye. Moses ya ajiye akwatin, ya haɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sake duba su ko da yake ya san daidai suke. Sannan ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin teburin da filogi a hannunsa. Soket ɗin yana nan gabansa, bai fi taƙi ɗaya ba. Ya zauna a wurin yana kallonsa, har ya ji ta ƙwanƙwasa teburin da yatsa a saman kansa, a hankali, tana tambayar ko lafiya.