Faifan da Muryar Baba Ke Ciki

Ranar da aka kawo sabuwar kwamfutar gidanmu, mijin Yaya ya zo da jaka da rula da takardar shaidar kwas ɗin sati uku da ya yi. Tun daga kwas ɗin ake ce masa Injiniya. Shi ya fara kiran kansa haka. Ni a waya na koyi ɗan abin da na iya, sai kuma kwamfutoci biyu da na kashe da hannuna.

Abu ɗaya Mama ta roƙa: kada muryar Baba ta ɓace. A faifan tsohuwar kwamfutar akwai muryar Baba, minti huɗu, yana faɗa a kan famfo. Ni na ɗauka a ɓoye da wayata, wata biyu kafin ya rasu, na zuba a kwamfutar. Wayar ta faɗa bokiti daga baya, kullum ina cewa gobe zan kwafa a wani wuri, ban kwafa ba. Duk sati Mama na kunna faɗan nan, tana ba shi amsa.

Na shiga kicin in haɗa wa Injiniya shayi. Kafin in fito ya buɗe cikin sabuwar kwamfutar, ya jona tsohon faifan kusa da sabon, ya kunna, har ya kai wurin da ake raba faifai. Aikin kamar yanka fili ne a fitar da ɗakuna: sai an share duk abin da ke kai tukun.

"Gida bakwai zan raba shi," ya ce, ya miƙo min takardar da ya ja wa layi da rula. Akwai gidan manhaja, akwai na hotuna, akwai wani da ya rubuta wa "Gaggawa".

"Yaya Injiniya, mu da ke ɗaki biyu, kwamfuta ce za ta samu bakwai?"

"Auta, wannan ilimi ne."

Na leƙa allon. Faifai biyu ne a jere, ɗaya mai gigabait 465, ɗaya mai 476, kowanne da kaya a kai, don masu shago sun loda wa sabon tarkacensu. Ya zaɓi na sama, mai 465. Kibiyar na zaune daidai kan maɓallin gogewa.

"Wanne ne sabon?"

"Na sama mana. Sabo kullum shi ne a sama."

"Wa ya faɗa?"

"An koya mana."

Mama na bakin ƙofa, ta kasa shigowa, ta kasa tafiya. "Ba dai za a taɓa Malam ba ko?"

"Mama, ki kwantar da hankalinki," ya ce, yana kurɓar shayi da hagu, yatsan damansa a kan linzamin da ke tura kibiyar. Idona na kan yatsan. Ko atishawa ya yi, an gama.

Ban san wanne ne tsohon a allon ba, gaskiya. Shi ma bai sani ba, bambancin dai shi yana da takarda. Na ɗauki bironsa na rubuta 465 a tafin hannuna. Sai na sunkuya kamar zan ɗauke kofin, na danne maɓallin kashewa har fankar kwamfutar ta yi shiru.

"Ke, me kika yi?"

"Hannuna ne ya zame."

Na zare wayar tsohon faifan, na ciro shi ɗungurungum na ɗora wa Mama a hannu. Ta riƙe shi kamar jariri. Na sake kunnawa. Muka jira, gumi ya fara wanke rubutun hannuna.

Faifai ɗaya ya fito a allon: 476. Mai 465 ya ɓace.

Na buɗe masa tafin hannuna. Ya kalli hannun, ya kalli abin da ke hannun Mama.

"Ai dama gwaji nake," ya ce. "Ba zan danna ba."

"Na sani, Yaya Injiniya."

Gida biyu na raba sabon: ɗaya na manhaja, ɗaya namu, don in manhajar ta lalace a goge ta ba tare da an taɓa kayanmu ba. Da aka gama na mayar da tsohon faifan, na kwafi muryar zuwa gidan namu, da filashi, da wayar Yaya. Sannan na kunna.

"Wai wane mai ilimin ne ya bar famfon nan a buɗe?" in ji Baba.

Injiniya ya ninke takardarsa ya sa a jaka.

Mama ta ja kujera ta zauna. "An rufe, Malam," ta ce. "Ci gaba da faɗanka."