Keken Ɗinkin Hajiya Uwani

Ko shekara ba a cika ba da komawar sojoji bariki, Kaduna ta kama da wuta. Da rikicin ya lafa, gari ya tsage biyu: Kirista na ƙetaro gada zuwa kudu, Musulmi na ƙetarawa arewa, kowa da ƙullin kayansa a ka.

A Sabon Tasha, Comfort ta karɓi amana biyu rana guda. Da safe maƙwabciyarta Hajiya Uwani, tela, wadda suka shekara goma sha ɗaya suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga, ta damƙa mata makullin gidanta.

"Maman Debby, kekena na ciki. Da shi nake ciyar da marayuna. In gari ya yi sanyi zan zo in ɗauka."

Da yamma kuma sai ga Juliana, 'yar garinsu Zonkwa, ta gudo daga Rigasa ƙafa ba takalmi, an ƙone mata gida ƙurmus. Comfort ko shawarar mijinta ba ta tsaya nema ba. Ta bar mata gado ta koma tabarma, ta gasa mata ƙafa da ruwan zafi, har zanenta na zumuntar mata ta ba ta ɗaya don kada ta shiga coci a tsarge. Wata biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya. Kullum bayan addu'ar safe Juliana sai ta ce, "Yaya, Yesu ne ya aiko ki." Comfort kuwa baiwar Allah daɗi take ji har ranta.

Sai aka zo Lahadin godiya, ranar da duk wanda ya tsira yake takawa da rawa zuwa gaban bagadin coci da abin da ya samu, a raba wa waɗanda suka rasa komai. Comfort na tafi tana bin waƙa, sai ta hango Juliana na juyi cikin zanen nan, mata biyu na biye da ita ɗauke da keken ɗinki. Ga koren ƙyallen da Hajiya ke soke allurai, yana nan ɗaure a wuyansa. Tafin ya mutu a hannunta. Kafin ta miƙe, fasto ya miƙa keken ga wata gwauruwa da aka kashe wa miji, coci ya ɗauki guɗa.

A gida Juliana ko kunya babu. "Na ga makullin a jakar Baibul ɗinki. Ba su suka ƙone nawa ba? Kuma ai ba sayarwa na yi ba, Allah na ba."

"Hajiya ce ta ƙone miki gida?"

Juliana ta taɓe baki ta ci gaba da tsince wake.

Wallahi zuciyar Comfort kamar ta fashe. Ta so ta watsa mata kaya waje, to ina za ta? Washegari ta tafi gidan gwauruwar da niyyar karɓowa. Ta tarar da ita a ƙofar ɗakin haya tana ɗinke wa mutane yagaggun riguna, 'ya'ya huɗu zube kusa da ita, tana ta sa wa zumunta albarka. Comfort ta gaishe ta, ta juyo.

Ranar Alhamis Hajiya Uwani ta iso da a-kori-kura, ta rame sosai. Ta rungume Comfort, ta tambayi lafiyar 'yarta Debby. Comfort ta buɗe mata gida. Hajiya ta daɗe tana kallon gurbin keken a ƙasa, sannan ta koma ta shafa kwaɗon ƙofar.

"Ba a fasa ba," in ji ta.

"Ba a fasa ba, Hajiya."

"Da fasawa aka yi, Maman Debby, da na fi samun sauƙi."

Ta gyara mayafinta ta ce wa direba su tafi.