Bel ɗin motar Maina

Tun da Maina ya tada motar a sansanin Assaga da sassafe ya san akwai magana. Sitiyari na karkarwa a hannunsa, madubi na rawa har ba ya ganin abin da ke bayansa. Ya kashe, ya sake tayarwa, duk kanwar ja ce. Ga shi kuwa yau ce ranar da ayarin masu komawa Baroua zai tashi da hantsi, da rakiyar sojoji, kuma duk wanda ayarin ya bari ya baru, don ba a barin kowa ya bi hanyar nan shi kaɗai.

Abin da ke cin ransa tsohuwarsa ce, Ya Falmata. Tun da aka koro su daga Baroua shekarun baya ba ta da zance sai na komawa. Ƙugunta ya lalace, ba ta iya zaman bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, cikin kaya da awaki, shi ya sa Maina ya yi mata alkawari a gaban mota zai kai ta, a kan kujera mai taushi. Ya ce mata ta shirya, zai leƙa Diffa ya dawo yanzu.

Garejin Ishaku, wani Badamagare mai ƙarancin magana, yana bayan tasha. Mutum ne da ba a yi masa gaggawa, kuma ranar da kake sauri ranar ce zai fi ba ka haushi. Ya zagaya tsohuwar Hilux ɗin, ya ɗora tafin hannu a kan injin yana saurare, sannan ya tambaya ko an taɓa wani abu a cikinta kwanan nan.

"Ba a taɓa kome ba," in ji Maina.

Ƙarya ya yi. Shekaranjiya ya ji wata ƴar ƙara a gaban injin, ya buɗe murfi, ya ga bel ɗin taimin, mai daidaita lokacin aikin injin, kamar ya ɗan saki. To Maina fa a Baroua shi ne mai gyaran injin ban ruwa na duk manoman tattasai da ke bakin kogin Komadugu. A wajensu bel in ya saki, ruwa ba ya hawa gona, don haka magani ɗaya ne: a sa ƙarfe a banƙare, a ɗaure tamau har sai ka kaɗa shi da yatsa ya yi ƙara. Haka ya yi wa motar, da ƙarfen cire taya, yana jin daɗin kansa. Yanzu kuwa bakinsa ya yi nauyi. Wane irin kallo makaniken birni zai yi wa manomin da ya mai da mota injin ban ruwa?

Sai Ishaku ya fara daga inda kowa ke farawa. Ya zargi gazuwal, tunda yawancin man da ake sayarwa a jarka bakin hanya ba a rasa ruwa ko ƙasa a ciki. Ya kwance matatar mai, ya tsiyaye a kwano, ya duba a rana. Man lafiya lau. Ya shiga ƙarƙashi ya girgiza robobin da injin ke zaune a kansu, su ma ba su fashe ba. Ya koma kan inzekta, masu fesa wa injin mai, yana sassauta su ɗaya bayan ɗaya yana sauraron yadda injin zai amsa.

Maina ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je bakin titi ya dawo, ya karɓi shayi ya manta da shi a kan taya. Rana tana ta hawa. Wayarsa ta yi ƙara, Alkali ne, maƙwabcinsu a Assaga, yana cewa kamiyoyi sun iso an fara lodi, ina yake? Ya ce yana tafe. Sau biyu ya buɗe baki zai gaya wa Ishaku gaskiya, sau biyu yana ganin masu shan shayi a gindin itacen bedi sun zuba musu ido, sai ya haɗiye. Haushin kansa ya cika shi, amma haushin bai kai kunyar ƙarfi ba.

Can Ishaku ya ɗauko dogon sukundireba, ya dafa bakinsa a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar. Ya matsa nan, ya matsa can, har ya zo kan murfin taimin. Nan ya daɗe. Ya kashe motar, ya duba kusoshin murfin, ya ga sabuwar gurzuwa a kansu. Ya kwance murfin. Ya kama bel ɗin da yatsu biyu zai murɗa shi, bel ya ƙi ko motsi.

"Malam Maina, da me ka ɗaure wannan?"

Maina ya sunkuyar da kai ya ce da ƙarfen taya.

Ishaku bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya nuna masa ƴar ƙaramar tayar da ke riƙe bel ɗin, ya kaɗa ta, ta yi ƙugi tana lilo. Ɗaurin ya cinye ta, in ji shi, da ta fara lilo sai bel ya tsallake haƙori ɗaya, injin ya daina ƙona mai a kan lokacinsa, shi ne karkarwar. Wannan bel ɗin ba ƙarfi yake so ba, daidai yake so. Da an ci gaba da tafiya a haka, tsinkewa zai yi a daji ya kashe injin gaba ɗaya.

"Da ka faɗa mini tun da safe, da yanzu kana hanya."

Sabuwar tayar babu ita a shagunan kusa. Maina ya bi masu sayar da kayan tsofaffin motoci rumfa rumfa, da ƙafa, gumi na tsiyaya, har ya samu wata a jikin mataccen injin can bayan kasuwar tattasai. Alkali ya sake kira bai ɗauka ba. Kafin Ishaku ya sa tayar, ya daidaita alamomin taimin, ya mai da bel, ya bar shi a ɗaurin da ya kamata, an kira azahar. Da aka tada motar sai ta yi luf, ko madubi bai motsa ba. Maina bai tsaya godiya mai tsawo ba.

Tun daga nesa ya ga filin Assaga ya yi fayau. Sai sawun manyan tayoyi da tsummokaran da aka zubar. Inda bukkarsu take babu bukka. Ya Falmata tana zaune a tabarma cikin rana, ta lulluɓe kanta da gyale, ƙullin kayanta a gefe, buta a gabanta.

Ya durƙusa. Ta ce Alkali ya yi ta roƙonta ta hau kamiyo, mata har sun gyara mata wuri a kan katifa, ta ce musu a'a, ɗanta na zuwa. Ta miƙo hannu ya tashe ta, ta dogara da shi har bakin mota, ta hau gaba ta gyara zama, ta ɗora butar a cinya.

"To, mu je mu cim musu."

"Ya, ba a bari. Sai wani ayarin."

"Yaushe?"

Ya ce ba a faɗa ba. Ta zuba wa hanyar gabas ido ta cikin gilashi, injin na ta aiki a hankali. Maina ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Da safe na rabar da sandunan bukka da zana," ta ce. "Mutanen Gagamari na ba, masu zama a sansanin. Kashe motar, ka je ka roƙo mana su kafin rana ta faɗi."