Tukunyar Ilyasu

Ilyasu ya yi shekaru a Yamai yana gyaran ordinater, wato kwamfuta, a ofisoshi, kafin rashin lafiyar mahaifiyarsa ya dawo da shi gida Madarunfa. Bayan ta rasu bai koma ba. Ya buɗe ɗan shago kusa da tasha yana gyaran salula da rediyo, amma hankalinsa yana wani wuri dabam.

Abin da ke cin ransa shi ne manyan ordinater da yake gani a makarantu da ɗakunan shan magani na ƙauye, an lulluɓe su da zane an ajiye a lungu. Ya ga wasu a Safo, ya ga wasu a Sarkin Yamma. Lafiyarsu ƙalau, wuta ce kawai suke sha da yawa. Kuran, wato lantarki, bai kai can ba, gurup mai ba da wuta kuma ba ya tashi sai da man esansi. Shi ya sa ya duƙufa haɗa wata 'yar ƙarama ta ajiyewa kan tebur, wadda ba ta fi ƙwan fitila shan wuta ba. Faifan hasken rana guda da ɗan batir sun ishe ta yini.

Katin da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar na'urar, daga Kano ake kawo masa. Gidan da zai saka katin ne ya ba shi wahala. Ya gwada katako, zafin bazara ya kashe na'urar. Ya huda katakon don iska ta shiga, kiyashi suka tare a ciki. Daga baya ya tuna da Yahaya, mijin yayarsa Ɗelu, wanda ke zubin tukwane a bayan kasuwa, yana narka gwangwanaye da tsoffin ƙarafan mota na alminiyon.

Ya same shi a bakin wuta ya ce, "Malam Yahaya, gida nike so ka zuba mini, mai kauri, da tsaga-tsaga a bayansa, don ƙarfen ya riƙa janye zafi."

Yahaya ya share zufa ya dubi zanen da Ilyasu ya yi a ƙasa da kara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ilya, ni da ko rediyo ban iya murɗawa ba, yau ni za ni ƙera ordinater? To, kawo mu gani."

Sun ɓata da yawa kafin su dace. Wani ya fito a karkace, wani ya tsage, wani murfinsa ya ƙi zama. Ranar da na farko ya yi daidai, Ilyasu ya kunna na'urar a tsakar gida da tsakar rana, ta yi ta aiki har la'asar ba ta mutu ba. Ɗelu ta bar dakanta ta zo ta taɓa da bayan hannu, ta ce ɗumi kawai. Yahaya ya zauna ya tasa gilashin da aka jona wa na'urar a gaba yana kallon rubutun da bai iya karantawa ba, yana ta murmushi.

Wahala ta gaske sai da suka kai ta kasuwa. A Maraɗi suka fara da Alhaji Isa, babban ɗan kasuwa mai sayar da tsoffin ordinater da ake kwasowa daga Turai. Ya ɗaga na'urar da hannu ɗaya yana jinjinawa.

"Ina injin yake?"

"Yana ciki, Alhaji. A kunne ma take."

Alhaji Isa ya kara kunnensa. "Ban ji komi ba. Malam Ilyasu, mutanenmu suna son su ji abu yana gurnani, su san sun sayi kaya. Kuma sunan wane kamfani ne a jikinta? In ta lalace wa za a kama?"

"Ni za a kama. Ga ni nan Madarunfa."

"To ai matsalar ke nan," in ji Alhaji, ya miƙa masa kayansa.

Wani maƙwabcin shagon ya leƙo ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya tambaya ko ana iya dafa wake a ciki. Aka kwashe da dariya. Kafin su kai tasha sunan ya riga su: tukunyar Ilyasu. Duk inda suka shiga bayan haka maganar ɗaya ce. A ofisoshi a ce su kawo takardar shaida daga Yamai, a makarantu a ce sai shugabanni sun amince. Shekara ta zagayo, waɗanda suka sayar ba su taka kara sun karya ba.

Hajiya Farida ce ta fara saurarensu da gaske. Tana da cibiya a Maraɗi inda 'yan mata ke koyon buga rubutu da aikin ofis, kuma gurup ya gama gajiyar da ita. Ta karɓi biyu ta ce za ta gwada. Da bazara ta wuce, ta kira Ilyasu ya zo cibiyar.

"Malam Ilyasu, tukwanen nan naka ba su taɓa ba ni kunya ba. Manyan duk sun kwanta, su suna tsaye. Ina son ka cika mini ɗakin da su kafin a koma karatu."

Ilyasu ya hau mota ya dawo gida bai ma san ya iso ba. Ya aika Kano a haɗa masa katuna, Yahaya kuma ya ajiye zubin tukwane ya koma zubin gidaje.

Kayan sun iso Jibiya ke nan, a daminar 2023, aka rufe iyaka da Najeriya. Wutar da ke zuwa daga Najeriya ma aka yanke. Maraɗi ta shiga duhu, manyan ordinater suka zama kayan ado. Sai ga waɗanda suka yi masa dariya suna neman lambarsa. Mai kantin magani ya zo har Madarunfa, wani darektan makaranta ya turo ɗan aike, Alhaji Isa da kansa ya buga waya yana kiransa "injiniya". Ilyasu ya riƙa shigar da su ɗaki yana nuna musu gidajen da Yahaya ya zuba, an jera su sun kai rabin bango, suna walƙiya, babu komai a cikinsu.

Da jira ya ishe shi, ya nemi Nasiru, wani ɗan kabu-kabu na garin Ɗan Isa da ya san hanyoyin daji. Nasiru ya ce zai ɗauko kwalin katunan a bayan babur. Washegari da hantsi ya iso shago yana ɗingishi, wandonsa duk laka, ƙafarsa ta saɓule. An yi ruwa a kudu, gulbi ya kawo, babur ya zame da shi a mashigi. Kwalin ya tafi da ruwa, da ƙyar ya kamo shi.

"Wallahi Malam, na riƙe shi iya ƙarfina," ya ce, idonsa ya cika.

Ilyasu ya dube shi ya dubi kwalin da ke ɗiga. "Ka tsira da ranka, alhamdu lillahi. Tahi a wanke maka ƙahwar nan."

Suka shanya katunan a tabarma. Ɗelu ta zauna gadi tana korar kaji. Ilyasu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushi yana fitar da yashi. 'Yan kaɗan suka tashi, su ma kafin mako suka mutu.

Yahaya bai daina zubi ba. Ilyasu ya ce ya dakata, ya koma tukwanensa da ake saye, ya ƙi.

"Iyaka za ta buɗe, Ilya. Ranar da ta buɗe kada a same mu zaune."

Tarin da ya daɗe yana yi saboda hayaƙin narka ƙarfe ya ƙaru. Da kaka ya fara tofar da jini. Suka kai shi asibiti a Maraɗi, a lokacin da magani ke wuyar samu saboda rufe hanyoyi. Ilyasu ya rufe shago ya koma jinya. Wata rana da yamma Yahaya ya kamo hannunsa.

"Ka kai ni wurin Hajiyar nan in na ji sauƙi. Ina son in ga ɗiyan mutane suna aiki da su. Ban taɓa gani ba."

"Za mu tahi, in sha Allahu."

Ba su je ba. Yahaya ya rasu kafin a gama sussukar gero, aka kawo shi Madarunfa aka rufe.

Da aka buɗe iyaka bayan wasu watanni, Ilyasu bai da ƙarfin sake odar kaya nan take. Alhaji Isa kuwa bai ɓata lokaci ba. Ya ga abin da mutane suka nema lokacin duhu, ya cika shagonsa da wasu ƙananan na'urori baƙaƙe na roba daga waje, marasa shan wuta, da sunan kamfani a goshinsu. Aka yi ta rububinsu.

Hajiya Farida ta kira Ilyasu. Muryarta a sanyaye ta yi masa ta'aziyya, sannan ta ce ta jira har ta gaji, ɗalibai sun fara gudu, ta sayi na Alhaji Isa. Ba ta da wanda zai haɗa mata su da faifan rana sai shi, in ba zai ji nauyi ba.

Ya je. Ya yini yana ja wayoyi, yana ɗaure batir, yana kunna su ɗaya bayan ɗaya. Nasa guda biyu suna can ƙarshen ɗaki, wasu 'yan mata biyu suna buga rubutu a kansu, ba su ko ɗago ba. Ya tsaya ya kalle su na ɗan lokaci. Hajiya ta zo ta tsaya kusa da shi ta tambaye shi ko sababbin suna da kyau.

"Suna da kyau, Hajiya. Ki dai riƙa buɗe tagogi da bazara, roba ba ta son zafi."

Da ya sauka a mota a Madarunfa, ya biya ta gidan Ɗelu kamar yadda yake yi kullum tun rasuwar. Ya same ta tana tsince wake a faifai. Ta san inda ya je.

"Sun fi naku?" ta tambaya ba ta dube shi ba.

"Sun fi namu kyan gani, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya ɗiga cikin waken, ta goge ido da bakin zane. Sannan ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce ya zauna, tuwo ya kusa sauka.