Koren Layin Mas'udu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A Jambutu, nan cikin Garwa, an yi wani ɗan kwangila wai shi Mas'udu, mai tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba. Shi ya gina masallacin unguwa, don haka a ganinsa kujerar shugaban kwamitin masallacin tasa ce, ba ta tsoho Abdulhalim mai atamfa ba.

Ana gab da zaɓe, sai ga shi da La'asar ɗauke da nivo ɗinsa na leza, ɗan akwatin nan mai ƙafa uku da magina ke kunnawa, ya zana koren layin haske a gane inda gini ya karkace. Wai sahu zai gyara wa mutane. Ku ji fa!

Ya kunna, layi ya miƙe a kan tabarma.

"Shekara da shekaru sahunku kamar tafiyar maciji," in ji shi. "Baba Abdulhalim, ja ƙafarka baya, ka ci layi."

Tsohon ya ja ƙafarsa. Mas'udu ya ji kansa ya yi gingirin. Da ya tsaya nan, da ya sha. Amma ina, mai son a sani ba ya ƙoshi. Ya danna ɗaya maɓallin don a ga ya iya, layi na biyu ya kwanta a bangon alƙibla daga kusurwa zuwa kusurwa.

A dama ya bi gindin taga daidai. A hagu kuwa, taga ta sauka ƙasa da shi taƙi guda cur.

Kowa ya zuba wa tagar ido. Can liman ya yi gyaran murya, ya dubi Mas'udu.

"Patron, tagarka ce ta riga mu ruku'u?"

"Batir ne ya yi sanyi, Modibbo," in ji Mas'udu.

"Batirin da ya auna mana yatsu yanzun nan?" in ji Shu'aibu tela daga sahun baya.

Abdulhalim ya dafa kafaɗarsa. "Kashe na'urar nan, ɗana, kafin ta ɗaga kai ta kalli rufi."

Ranar zaɓe, da aka ce a ɗaga hannu, Mas'udu bai samu ko hannun ƙaninsa ba. Abdulhalim ya zama shugaba. Shu'aibu na bai wa duk mai kawo ɗinki labarin. Mas'udu kuwa ya koma salla a wata unguwa, a masallacin da ba shi ya gina ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.